Sauya ƙa'idar ƙanjamau: me yake yi wa adadin masu cutar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Agege ne. A majalisarmu wani ya ce mana a Amurka an taɓa wayar gari adadin masu ƙanjamau ya ninka, ba don cutar ta ƙaru ba, sai don likitoci sun sauya abin da suke kira ƙanjamau. Ya ce a nan Najeriya ma da ana cewa mutum miliyan uku da wani abu, daga baya aka dawo aka ce ba su kai miliyan biyu ba. Shi a ganinsa duk lissafin dokin Rano ne, tarin fuka da zazzaɓi ake laƙaba wa suna don a ci kuɗin Turawa. Don Allah mene ne gaskiyar magana?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyun da mutumin naku ya faɗa duk sun faru. A Amurka adadin da aka kai rahoto ya ninka a 1993, a Najeriya kuma ƙiyasin ya sauko a 2019. Inda ya kauce shi ne da ya haɗa su wuri ɗaya, alhali dalilansu daban ne, sannan ya ɗora musu hukuncin da ba su ɗauka ba. Tambayarka a taƙaice ita ce: idan hukuma ta sauya sharuɗɗan da take bi kafin ta rubuta cewa wane yana da ƙanjamau, me ke faruwa da alƙaluma, kuma ta yaya za a gane sauyin da ya faru a takarda kawai daga wanda ya faru a jikin mutane?

Sai an fara raba abu biyu. Ƙwayar HIV daban, ƙanjamau daban. Ƙwayar ana gwada ta a jini, ko akwai ko babu. Ƙanjamau kuwa matakin ƙarshe ne na ɓarnar da ƙwayar ke yi wa garkuwar jiki, kuma ɓarnar a hankali take tafiya. Akwai wasu dakarun jini da ake kira CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikirolita ta jini, wato ɗan mitsitsin ma'auni da bai kai ɗigo ɗaya ba. Idan ba a shan magani suna raguwa shekara bayan shekara, galibi a kai wajen shekara goma kafin cututtuka su fara samun mutum a ɓagas. Babu wata rana guda da jiki zai buga ƙararrawa ya ce yau an shiga ƙanjamau. Mutane ne ke zama su shata layi, su ce wanda ya tsallake nan shi za mu ƙirga. Duk sanda aka matsar da layin, dole adadin ya motsa.

Yadda Amurka ta yi ta matsar da layin

A watan Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta buga rahoton maza biyar a Los Angeles da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba ya kama mai ƙwaƙƙwarar garkuwa. A 1982 ta fitar da ƙa'idar farko. Lokacin ba a ma gano ƙwayar ba, don haka abin da aka dogara da shi 'yan cututtuka ne ƙalilan, irin wannan ciwon huhun da sankarar fata ta Kaposi, a jikin mutumin da babu wani sanannen dalilin da zai karya masa garkuwa. Gwajin jini ya zo a 1985, aka yi gyara. A 1987 aka ƙara wasu abubuwa, ciki har da matsananciyar rama da taɓuwar ƙwaƙwalwa da HIV ke jawowa, da tarin fukan da ya fita daga huhu ya shiga wasu sassan jiki.

Babban sauyin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1993. An ƙara cututtuka uku ga mai ɗauke da HIV: tarin fuka na huhu, ciwon huhu da ke dawowa sau biyu ko fiye cikin wata goma sha biyu, da sankarar bakin mahaifa da ta ci jiki. Sai kuma sharaɗi na huɗu, wanda shi ne ya girgiza lissafin: duk mai HIV da CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 200, ko ƙasa da kashi 14 cikin ɗari na jinsin dakarun da yake cikinsu, za a rubuta shi a matsayin mai ƙanjamau ko da yana yawo da ƙafarsa yana zuwa aiki, babu ciwon komai.

A 1992 an kai rahoton wajen mutum dubu 49 daga 'yan shekara 13 zuwa sama. A 1993 aka kai rahoton 103,500, ƙarin kashi 111 cikin ɗari. Fiye da rabinsu ta sabbin sharuɗɗan suka shigo, kuma a cikin waɗannan, wajen tara cikin goma ta ƙofar CD4 kaɗai. A 1994 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 80.

Wannan saukowar ta 1994 ita ce masu jayayya ba sa ambata, kuma a nan bayanin yake. Kafin sauyin, akwai tarin mutane da garkuwarsu ta riga ta faɗi ƙasa da 200 tun shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Asibitoci sun san su, sunayensu na cikin fayil, amma ba su cika tsohon sharaɗi ba tunda babbar cuta ba ta kama su ba tukuna. Da aka buɗe ƙofa, duk suka shiga rajista a shekara guda. Ba sababbin kamu ba ne. Mutane ne da ko ba a sauya komai ba za a ƙirga su a 1994 ko 1995 idan ciwo ya kwantar da su, sai aka janyo ƙirgarsu gaba. Shi ya sa jadawalin shekarun ya yi tozo a 1993 sannan ya sauko. Wanda ya kalli hawan zai ce annoba ta ɓarke, wanda ya kalli saukar zai ce an ci ƙarfinta, dukkansu kuwa ba su karanta daidai ba. Kamar makin shiga jami'a ne a rage shi daga 200 zuwa 160: waɗanda suka "ci" za su yawaita, amma ba a ƙara wa kowa ilimi ba.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Tunda yanzu ana fara ƙirga mutum tun da sauran ƙarfinsa, tsawon rayuwar da ake lissafawa "bayan kamuwa da ƙanjamau" sai ya ƙaru a takarda, ko da ranar mutuwarsa ba ta matsa ko da kwana ɗaya ba. Agogon ne aka tayar da wuri. Duk binciken da ya kwatanta rayuwar marasa lafiyan 1991 da na 1994 bai yi la'akari da wannan ba, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

To me ya sa aka yi sauyin? Tsohuwar ƙa'idar an gina ta ne a kan cututtukan da aka fara gani a jikin maza. Mata, da masu allurar ƙwaya, da talakawa, sau da yawa tarin fuka ko ciwon huhu na yau da kullum ke kashe su, su mutu da HIV ba a taɓa rubuta su ba. Kuma a Amurka samun wasu tallafin gwamnati ya rataya ne a kan a ce kana da ƙanjamau a hukumance. Ƙungiyoyin fafutuka irin su ACT UP sun daɗe suna matsa lamba a kan batun mata. Alƙaluman 1993 sun nuna suna da hujja: ƙarin da aka samu a mata ya kai kashi 151 cikin ɗari, a maza kashi 105. A ganina sauyin daidai ne. Tsohon layin ne ke barin mutane a waje.

Ƙasashen Turai a shekarar sun karɓi cututtuka ukun amma sun ƙi ɗaukar sharaɗin CD4. Saboda haka mutum ɗaya, da jini ɗaya, a New York mai ƙanjamau ne, a Landan mai HIV ne kawai. Wanda ya jera alƙaluman ƙasashen biyu na bayan 1993 gefe da gefe bai gyara wannan ba, ya auna abu biyu daban.

Idan ana so a san ainihin abin da ke faruwa, akwai ma'aunin da sauya ƙa'ida ba ya iya murɗawa sosai: mace-mace. A Amurka sun ci gaba da hawa a hankali, ba su yi wani tsalle a 1993 ba, suka kai ƙololuwa a 1995, wajen mutum dubu 50 a shekara. Da haɗin magunguna uku ya zo a 1996, adadin mutuwar ya faɗi da kusan rabi tsakanin 1996 da 1997. Wannan faɗuwar ba alƙalami ne ya yi ta ba.

Ƙa'idar Bangui, inda mutuminku yake da ɗan gaskiya

A Afirka matsalar ta sha bamban. A tsakiyar shekarun 1980 yawancin asibitoci ba su da kayan gwajin HIV, balle injin CD4. A watan Oktoban 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, aka fitar da ƙa'idar da likita zai iya aiki da ita da ido da sikeli kawai. Manyan alamu uku ne: ramar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki, gudawa fiye da wata ɗaya, zazzaɓi fiye da wata ɗaya. Ƙanana sun haɗa da tarin da ya wuce wata, ƙaiƙayin fata a ko'ina, farin abu da ke shimfiɗuwa a harshe da maƙogwaro, kaluluwa a wurare da dama, da ƙuraje masu raɗaɗi da ke fitowa a jere a gefe guda na jiki suna dawowa. Babba mai manyan alamu biyu da ƙarama ɗaya, idan babu wani dalili sananne kamar sankara ko matsananciyar yunwa, a ƙirga shi.

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu tarin fuka ya san inda wannan zai yi tuntuɓe. Mai tarin fuka yana ramewa, yana zazzaɓi wata da watanni, yana tari. Ya cika manya biyu da ƙarama ɗaya ko da babu HIV a jininsa. Don haka gaskiya ne an rubuta wasu da ba su da ita. Amma kuskuren ta ɓangare biyu yake ci. Mai HIV da ciwon huhu ya kashe cikin sati ɗaya bai yi wata guda yana zazzaɓi ba, bai cika sharaɗin ba, ba a ƙirga shi ba. Ga kuma ɗimbin waɗanda suka rasu a gida ko wajen mai maganin gargajiya, da waɗanda likita ya rubuta wani ciwon daban a takardarsu don rufa wa iyali asiri. Idan aka haɗa, waɗanda suka kuɓuce wa rajista sun fi waɗanda aka saka bisa kuskure yawa nesa ba kusa ba.

An gyara wannan tun da daɗewa. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da faɗaɗɗiyar ƙa'ida wadda ta sa gwajin jini ya zama sharaɗi. Tsarin da ake bi yanzu, wanda aka sabunta a 2007, ya kasa ciwon mataki huɗu, kuma babu wanda ake sakawa a ko wane mataki sai an tabbatar da HIV a jininsa. Mai tarin fukan da gwajinsa ya nuna babu ƙwayar, mai tarin fuka ne kawai. Abin lura a nan: tarin fuka na huhu a wannan tsarin mataki na uku ne, ƙanjamau kuwa mataki na huɗu. A ƙa'idar Amurka shi kaɗai ya isa a ce ƙanjamau. A ƙasa irin tamu da tarin fuka ya yi katutu, zaɓin ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan biyu kaɗai zai iya ɗaga adadin ko ya sauke shi da yawa.

Na Najeriya ba sauyin ƙa'ida ba ne

A Legas aka fara gano cutar a ƙasar nan, aka kai rahoto a 1986. Amma miliyoyin da kake ji a rediyo ba adadin masu ƙanjamau ba ne da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Ƙiyasi ne na masu ɗauke da HIV, kuma ƙiyasi ya dogara ne da inda aka ɗebo samfuri.

Shekaru da dama ana ɗebowa ne daga mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Wannan ya ba da kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001, ya sauko 4.4 a 2005, 4.1 a 2010. Hanya ce mai sauƙi da arha, kuma tana nuna ko abu hawa yake ko sauka. Aibinta shi ne ba ta wakiltar kowa. Mai juna biyu tana cikin shekarun haihuwa, ba ta wakiltar tsoho ko saurayin da bai yi aure ba, ba ta wakiltar maza gaba ɗaya. Asibitocin kuma sun fi karkata ga birane da manyan garuruwa. Idan aka ɗauki wannan kason aka buga shi da yawan jama'ar ƙasa, sakamakon yakan kumbura.

A 2018 aka yi wani babban binciken HIV na ƙasa baki ɗaya da ake kira NAIIS, aka bi gida-gida a jihohi 36 da Abuja, aka gwada maza da mata, birni da ƙauye, wajen mutum dubu 200. A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da sakamakon: kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, masu ɗauke da ƙwayar a ƙasar baki ɗaya kuma kimanin mutum miliyan 1.9, maimakon miliyan uku da ɗoriya da ake faɗa a baya. Ba mutum miliyan guda ne suka warke ba, ba kuma mutuwa suka yi a dare ɗaya ba. Tsohon ƙiyasin ne ya yi yawa. Shi ya sa bai halatta a ɗauki 5.8 na 2001 a jera shi da 1.4 na 2018 a ce ga nasarar da aka samu ba, kodayake 'yan siyasa na son yin hakan. Masu lissafin kan koma baya su sake ƙiyasta shekarun da suka wuce da sabon bayanin, kuma wannan sabon jerin shi ya kamata a duba.

A Legas akwai wani abin da ke dagula rajista wanda ba ruwansa da ƙa'ida, wato zirga-zirga. Ɗan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago zai yi gwaji a nan, wani lokacin da sunan da ba nasa ba don kada 'yan garinsu su ji. Damina ta yi ko Sallah ta zo ya tafi gida, magani ya ƙare, maimakon ya nemi takardar canjin asibiti sai ya je wani wuri a Kano ko Sakkwato a matsayin sabon zuwa. A takarda ya zama mutum biyu: ɗaya "ya ɓace" a Legas, ɗaya "sabon kamu" a Arewa. Dalilin da ya sa yanzu ake ɗaukar hoton yatsa a cibiyoyin karɓar magani ke nan. Haka nan manyan asibitoci irin LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, da yake can ake tura waɗanda ciwo ya yi wa tsanani, kason masu matakin ƙarshe a wurinsu zai fi na ƙaramin asibitin unguwa, kuma ba ya nuna halin da jihar ke ciki.

Abin da ake aiki da shi a asibiti yau

A da layin yana da nauyi ga marar lafiya, don shi ke yanke wa za a bai wa magani. An fara da CD4 ƙasa da 200, a 2010 aka ɗaga zuwa 350, a 2013 zuwa 500. Kowane ɗagawa ya ƙara yawan "masu buƙatar magani", har kason waɗanda ake bai wa ya yi kamar ya ragu alhali masu karɓa ƙaruwa suke. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bai wa duk wanda aka samu da ƙwayar, Najeriya ta bi a 2016.

Yanzu abin da ma'aikacin lafiya ke nema shi ne ko ciwon ya yi nisa. Tun 2017 ma'aunin ga babba shi ne CD4 ƙasa da 200, ko mataki na uku ko na huɗu. Wanda ya faɗa nan ba a miƙa masa kwalbar magani kawai a sallame shi. Ana gwada fitsarinsa da majinarsa don neman tarin fuka, ana gwada jininsa don neman ƙwayar da ke kawo wani irin sanƙarau, ana ba shi kotirimokzazol na kariya. Idan an samu sanƙarau ɗin, ana jinkirta maganin HIV sati huɗu zuwa shida, don fara shi da wuri na iya tayar da kumburi a ƙwaƙwalwa. Idan tarin fuka na huhu ne, a fara maganinsa, na HIV ya biyo cikin sati biyu.

Inda abin ke lalacewa shi ne ranar da babu sinadarin gwajin CD4. Sai a koma duba da ido, alhali mutane da yawa da garkuwarsu ta faɗi ƙasa da 200 ba su da alamar komai. Cibiyar da gwajinta ya tsaya wata uku za ta kai rahoton cewa masu ciwo mai nisa sun ragu, ranar da kaya suka iso kuma su "ƙaru". Shi kansa CD4 ba tsayayyen abu ba ne. Yana bambanta tsakanin safe da yamma, yana faɗuwa idan mutum na fama da zazzaɓi, don haka mai 190 da mai 210 kusan halinsu ɗaya, layin ne kawai ya ratsa tsakaninsu. Sannan a rajistar Amurka wanda aka taɓa rubutawa a matakin ƙanjamau yana nan a haka ko da magani ya mayar da garkuwarsa 700. Adadin "waɗanda aka taɓa samu da ƙanjamau" ba adadin waɗanda ke kwance ba ne.

Saboda haka idan aka kawo maka adadi a majalisa, ka tambaya: masu HIV ake nufi ko masu ƙanjamau? Ƙirga ce ta rajista ko ƙiyasi? Sababbi na bana ne ko jimillar tun farko? Kuma shekarun biyu da ake kwatantawa, da ma'auni ɗaya aka auna su? Ko binciken gida-gida yana da iyaka: wanda ya ƙi a gwada shi, da direban tirela da ba ya kwana gida, da wanda ke barci a kasuwa ko ƙarƙashin gada, ba sa shiga yadda ya kamata, kuma a gari irin Legas ba su da kaɗan. Shi ya sa masu binciken ke ba da adadi tare da tazarar sama da ƙasa, jaridu ne ke yar da tazarar. Haka kuma babu likitan da zai iya ce maka wane na da ita ko ba shi da ita daga rama ko tari. Gwaji ne kawai, kuma ba a yanke hukunci da tsinken gwaji ɗaya sai an tabbatar da wani daban.

Batun cin kuɗin Turawa kuwa, binciken 2018 da ya zabge fiye da mutum miliyan ɗaya daga ƙiyasin, yawancin kuɗinsa daga shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka da asusun Global Fund ya fito, wato masu ba da tallafin da kansu. Abin da ya biyo baya shi ne an sake rabon aiki: binciken ya nuna Arewa maso Yamma na da kashi 0.6 cikin ɗari, Kudu maso Kudu 3.1, Akwa Ibom ta haura kashi biyar, sai aka karkata ma'aikata da kayan gwaji zuwa jihohi irin su Akwa Ibom da Ribas, inda masu ɗauke da ƙwayar da ba su fara shan magani ba suka fi yawa.